Yadda Tumiran Ya Gidantar da Mutum Takwas

Pak Tumiran bai taɓa korar kowa daga aiki ba, kuma ya tabbatar duk unguwar masu awara ta Kediri, a ƙasar Indunusiya, ta san da haka. Bai je Makka ba, ba shi da mota, karatunsa aji huɗu ne. Amma in aka zauna a shagon kofi ana baje kolin alfahari, sai ya bari kowa ya gama, ya kurɓi kofinsa, sannan ya ce a hankali, "Ni dai shekara ashirin da biyu ke nan gidan nan yana hannuna, ban taɓa ce wa ɗan wani ya tafi ba." Sai a gyaɗa kai, don gaskiya ce. Mu da muka san shi tun yana yawo ba wando mun san rabin abin kirki ne, rabin kuma tsoro. Tumiran ba ya iya kallon idon mutum ya faɗa masa magana mai ɗaci. Ko kaza ce ta shiga masa rumfa, matarsa Bu Warsini, wato Uwargida Warsini, yake kira ta zo ta kore ta.

Shaidar wannan hali tana nan kwance a gindin itacen wuta, sunanta Gimin. An ɗauki Gimin ne don ya riƙa hura wutar tukunya, shi kuwa ya gano babu wurin da ya kai gindin itace daɗin barci. Shekara goma sha ɗaya Tumiran yana shirin yi masa faɗa. Yakan tako har kansa, ya gyara murya, Gimin ya buɗe ido ɗaya, sai Tumiran ya ce, "Ka ci abinci kuwa?" ya wuce.

Gidan na babansa ne, haka ma sana'ar. A jiƙa waken suya, a markaɗa, a tafasa, a tace a ƙyalle, a zuba ruwan tsami ya haɗe, a matse a akwatin katako, a yanka, a sake dafawa a ruwan kurkum har ta yi rawaya. Kowa a unguwar haka yake yi. Abin da gidan Tumiran ya fi sauran da shi shi ne Mbok Ponirah, wato Inna Ponirah, tsohuwar da ke zuba ruwan tsami. Ta sauko daga ƙauyensu na kan dutsen Wilis tana budurwa, baban Tumiran ya ɗauke ta aikin tata, aka ba ta ɗan ɗaki a bayan kicin, tun daga nan tana ciki. Uwar Tumiran ta rasu yana ɗan shekara biyu, saboda haka a bayan Mbok ya girma, tana tace wake yana tsotson bakin zanenta. Duk unguwa Pak ake ce masa, lakabin girmamawa na magidanta, ita kuwa Le take kiransa, wato yaro, kuma in ya kai hannu tukunyarta kafin ta ce a taɓa, sai ta make hannun a gaban ma'aikatansa. Ba ta da ma'auni. Takan tsoma yatsa, ta shinshina tururin, ta karkata tulun tsami, ta tsaya daidai inda ya kamata. Kunnenta ya yi nauyi, hannunta ya fara rawa, amma awararta ba ta taɓa fashewa ba.

Sai shekarar da rupiya, kuɗin ƙasarmu, ta faɗi ta zo. Tumiran bai taɓa ganin dala da idonsa ba, amma ita ta san hanyar tukunyarsa, don waken da muke awara da shi a jirgin ruwa yake zuwa daga ƙasar masu dala. Cikin 'yan watanni kuɗin buhu ya ninka uku. Ba wanda ya isa ya ƙara wa masu saye kuɗi, su ma ba su da shi, sai aka koma rage girma. Awara ta yi ta ramewa, har wata mata a kasuwa ta ɗaga guda ta ce tana hango mijinta ta ciki. Dusar wake da a da ake sayar wa masu shanu, ita aka koma soyawa da barkono ana ci da shinkafa, shanun su ji da kansu.

Maƙwabcinsa Pak Kasdi bai ɓata lokaci ba. Mutum shida gare shi, ya sallami huɗu tun watan farko, kuma ya yi abin yadda ake yi, ba mai zarginsa da rashin ladabi. Bai ce wa kowa uffan ba. Surukinsa ya aika ya ce musu Pak Kasdi ya ga sun gaji, su ɗan huta. Ya bi kowa da sabon zane, alhali ba Sallah ba. Bayan mako ya taka har gidajensu yana roƙo su dawo, yana cewa ba su fahimce shi ba, su kuma suka yi godiya suka ce jiki ne ya ƙi. Aka rabu kowa da mutuncinsa, ba a ambaci kora ko sau ɗaya ba.

Tumiran ya bi wata hanya. Ya sayar da babur ɗinsa. Ya sayar da injin markaɗe ɗaya cikin biyu. Tukunya uku ta koma ɗaya, aikin da ake kaiwa la'asar ana yi ya koma ƙarewa da hantsi, mutum bakwai suna zagaye tukunya guda suna taka ƙafar juna, Mbok tana korarsu da ludayi. Da suka kasa riƙe ɗakunan hayarsu, sai ya ce kowa ya naɗo tabarmarsa ya taho. Maza a falo da baranda, mata a ɗakin ajiyar wake, tunda dai waken ya ba da wuri.

"Pak, gidan nan fa ya zama tashar mota," in ji Bu Warsini. "Da safe sai na bi layi kafin in shiga bayina."

"Na ɗan lokaci ne, Bu."

"Gimin ma na ɗan lokaci ne."

Ana haka aka ji labarin tallafi. Wani ofishi da aka buɗe a birni zai ba ƙananan masu sana'a wake a tsohon farashi har wata shida, don a ceto ayyukan mutane. Wata Talata da azahar sai ga ma'aikacin ofishin, Mas Priyanto, kamar a ce Malam Priyanto, saurayi tsaf-tsaf da jaka a hammata. Shi ma a banki yake aiki kafin bankin ya rufe. Ya tarar da gidan shiru. Aikin ranar ya ƙare tuntuni, maza sun tafi neman itace, mata sun kai awara kasuwa, Bu Warsini ta bi su, Mbok tana ɗakinta. Gimin kaɗai ke baranda, baki buɗe.

Mas Priyanto da harshen gwamnati yake magana, na Indunusiya, wanda Tumiran yake ji rabi da rabi, don shi da harshenmu na Jawa ya tashi. A shekarar nan kuma wata kalma tana tashe a harshen gwamnatin, don kada a riƙa jin kora a rediyo. Kalmar ita ce dirumahkan, daga kalmar gida aka ciro ta, kamar a ce an gidantar da mutum. Ma'aikatan manyan kamfanoni sun san ma'anarta sarai: tafi gidanku ka zauna, in mun neme ka ka ji. Tumiran kuwa ba ya sauraron labarai, wasan kwaikwayo yake kamawa.

"Pak, ma'aikata nawa ka gidantar?" in ji saurayin, biro a hannu.

Tumiran ya ji kalmar gida. Ya dubi tabarmin da ke jingine a kusurwar falo, kansa ya ɗan fasu. Ashe labari ya kai har birni.

"Duka," ya ce.

"Duka, Pak?"

"Bakwai. In an sa Mbok Ponirah takwas ke nan, ita ta fi kowa daɗewa."

Mas Priyanto ya rubuta sunanta a sama. "Lalle ka ji jiki. Ba abu ne mai sauƙi ba."

"Sauƙi? Tambayi matata, Mas. Tun da na yi abin nan ba ta bar ni na sha ruwa ba. Amma ya zan yi? Ba ni da wata hanya."

"Na sani, Pak. Ni ma haka aka yi mini."

"Kai ma? To ka gode wa Allah, ka samu mai gida na kirki."

Saurayin ya ɗago ya dube shi, ya ɗauka baƙar magana ce irin ta wanda duniya ta juya wa baya, ya yi murmushin yaƙe. Ya nuna baranda da biro. "Wancan fa?"

"Gimin ke nan. Shi na fara gidantarwa."

"Kuma har yanzu yana nan?"

"Ina zai je, Mas?"

Mas Priyanto ya daɗe yana kallon Gimin, tausayi ya cika shi. Gimin ya juya ɗaya gefen.

Bayan kwana takwas saurayin ya dawo baki har kunne. Gidan Tumiran ne ya zo na ɗaya a unguwa, don ba wanda ya kai shi asarar ma'aikata, Kasdi ma huɗu kawai ya iya. Wake na wata shida, da sharaɗi ɗaya: ya mayar da duka takwas ɗin da ya gidantar bakin aiki. Wannan karon Bu Warsini tana gida, kuma ita tana jin labarai. Ta jira baƙo ya shanye shayinsa ya fita, sannan ta ajiye faranti.

"Pak, ka san abin da ka gaya wa gwamnati?"

"Na ce na kawo su gida."

"Ka ce ka kore su. Duka. Har da wadda ta goya ka."

Washegari Tumiran ya sa rigarsa ta zuwa biki ya hau motar haya zuwa ofishin. Ya zauna a bakin kujera ya yi bayani tiryan-tiryan, yana share zufa. Mas Priyanto ya saurara, fara'arsa tana raguwa.

"Wato ba ka sallami kowa ba."

"Ko ɗaya, Mas. Shekara ashirin da biyu."

"To ai ba ka cikin shirin, Pak. Shirin na dawo da ayyukan da aka rasa ne. Naka ba a rasa su ba."

"Saura kwana tara a rasa su. Buhu ɗaya da rabi ya rage mini."

"Takarda ba ta da gurbin wanda zai rasa, sai wanda ya rasa."

Tumiran ya yi tunani. "To in na je na kore su yau fa?"

"An rufe ɗaukar suna tun Litinin."

Fanka tana ta kaɗawa a kansu. Can saurayin ya waiga, ya sassauta murya, ya koma Jawanci. "Pak, ni ban ji abin da ka faɗa ba, fankar nan ta cika ƙara. Ga takarda kamar yadda ka ba ni. In ka sa hannu, Laraba ta sama wake zai shiga gidanka. In ba ka sa ba, in goge ka, ka koma gida da sunanka mai kyau."

Nan fa Tumiran ya ga abin da ke gabansa. Abu ɗaya tak ya tara a duniya, maganar nan da yake faɗa a shagon kofi, kuma ita ake so ya bayar ya karɓi wake. Ya ji haushin dala, ya ji haushin Kasdi, ya ji haushin duk wanda ya ƙago kalmar. Sannan ya tuna tabarmi bakwai da masu kwana a kansu. Ya karɓi biron ya sa hannu.

Da ya dawo ya tara bakwai ɗin a bayan itacen wuta ya faɗa musu, kansa a ƙasa, yana jiran ɓacin rai. Dariya suka fashe da ita.

"Ashe an kore ni ban sani ba," in ji Gimin, "ina nan ina ta kashe kaina da aiki a banza."

"A takarda ne kawai," in ji Tumiran. "Amma ku rufa mini asiri, kada Mbok ta ji."

Ba zai iya tsayawa gabanta ya ce ya ba da sunanta an ba shi wake ba. Ya san irin kallon da za ta yi masa, shi ta yi masa yana ɗan shekara bakwai ranar da ya ce kyanwa ce ta cinye awarar baƙi. Ya gaya wa kansa ai ba ta karatu, kunnenta ya yi nauyi, takardar kuma tana can birni a cikin durowa. Wata shida ne, kafin a ankara ya wuce.

Abin da ya manta shi ne zamani ya canza. A shekarar nan kowa ya gaji da cuwa-cuwa, aka ce duk wani tallafi sai an karanta sunaye a fili kowa ya ji. Ranar Juma'a bayan an idar da salla mai unguwa ya karɓi lasifikar masallaci. Mutum ne mai son gaskiya, saboda haka ya ajiye harshen gwamnati ya fassara wa talakawa da Jawanci tsantsa.

"Waɗanda Pak Tumiran ya kora daga aiki, mutum takwas. Na ɗaya, Ponirah."

Maganar mayar da su aiki tana can ƙasan shafi na uku, kafin ya kai nan ya gaji da fassara, ya karanto ta da harshen gwamnati a guje. Lasifikar kuwa a kan mangwaro take ɗaure, bakinta yana kallon tagar kicin ɗin Tumiran, kuma wanda ya mutu jiya ma zai iya jin ta.

A cikin masallaci Tumiran ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kasdi ya matso wai yana neman takalminsa, ya raɗa masa, "Takwas, Pak Tumiran? Ka bar mu a baya. Gobe sai ka zo shagon kofi ka koya mana." Tumiran ya zari nasa takalmin. Ya nufi gida da sauri ya leƙa kicin. Mbok tana wanke ƙyallen tata, ta matse, ta shanya. Ta dube shi ta ce, "Le, itace ya kusa ƙarewa." Shi ke nan. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce a ransa ba ta ji ba.

Amma zuciyarsa ba ta bar shi ba. Ranar Laraba za a yi bikin miƙa wake, da manya daga birni da mai ɗaukar hoto, an ce duka takwas ɗin su zo. Tumiran ya dubi zanen Mbok, ya koɗe har ba a gane launinsa. Ran Talata ya shiga kasuwa da ɗan abin da ya rage na kuɗin inji, ya zaɓo mata zane mai kyau, ruwan ƙasa mai tsuntsaye. Ya zo ƙofar ɗakinta ya tsaya, ya gyara murya, ya kasa. Ya koma ya tashi Gimin.

"Kai wa Mbok. Ka ce mata na ga ta gaji, gobe kada ta tashi da asuba, ta huta."

Nufinsa ta huta don tsayuwar biki tana da tsawo. Duk mutumin unguwar nan da ya ga ɗan aike, da sabon zane ba Sallah ba, da kalmar hutu, zai faɗa maka abin da aka yi. Tumiran kaɗai ne bai gani ba. Bai taɓa korar kowa ba, ina zai san kamannin abin in yana hannunsa? Gimin kuwa da barci a idonsa ya isar da saƙon bai rage ko harafi ba, kuma aikin da ya taɓa yi daidai ke nan a gidan.

Mbok ta tashi da asuba duk da haka. Ta zuba tsaminta, awara ta haɗe, ta cika tulun ta rufe. Ƙarfe tara da kowa ya gama kwalliya aka buga ɗakinta, aka tarar an share shi tas, tabarma a naɗe. Mai shagon bakin titi ya ce ya ga ta hau motar Wilis da ƙunshi ɗaya.

Biki bai jira ba. Aka kira sunaye takwas, Bu Warsini ta ja gyale ta amsa na farko, sunan Mbok. Wani babba ya yi jawabi ya ce yau ayyuka takwas sun dawo daga kabari a gida ɗaya, ya riƙe hannun Tumiran ya daɗe yana girgizawa don mai hoto ya samu. Aka tafa. Buhuna suka shiga gida, matan suka kwashe tabarminsu daga ɗakin ajiya suna murna.

Washegari awara ta fashe a tukunya biyu cikin uku. Tumiran bai tsaya kallo ba. Ya hau mota, inda kwalta ta ƙare ya hau acaba, inda ɗan acaba ya ce ba zai iya ba ya taka da ƙafa. Gidan da ta sauka na ɗan ƙaninta ne, Sarju, mai 'ya'ya huɗu da gonar rogo ɗaya. Mbok ta fito sanye da sabon zanen. Ta shigar da shi falo, ta zaunar da shi a kujerar baƙi, ta kawo shayi a kofin gilashi mai murfi, ta koma tabarma nesa da shi ta zauna.

"Sannu da hanya, Pak. Bismillah, a sha."

Pak ɗin nan ya fi duk dukan da ta taɓa yi masa zafi. Ya sauko daga kujerar ya zauna a ƙasa, ya kwashe komai ya faɗa mata da ƙarfi don ta ji: kalmar gwamnati, da tabarmi, da sa hannu, da lasifika, da zane. Ya ce kuskure ne daga farko har ƙarshe, ba ta fahimce shi ba. Tana gyaɗa kai tana cewa, "I, Pak. Haka ne, Pak."

Da ya gama ta ce, "Kasdi sai da ya yi mako kafin ya bi nasa. Kai kwana ɗaya. Da babanka na raye da ya ji daɗi."

"Mbok, ba irin wannan zuwan ba ne! Wallahi na zo in tafi da ke ne."

"Na sani. Na gode. Jiki ne ya ƙi."

"Awara ta fashe yau, tukunya biyu."

"Ku rage wuta. Gimin yana cika itace in ya farka a firgice."

Nan ya gane ramin da ya faɗa. Duk kalmar da yake da ita ta gaskiya, irin su Kasdi sun riga sun ci da ita. In ya roƙa, ladabi ne. In ya rantse, ladabin ne ya ƙaru. Hawaye suka zubo masa, mutum mai shekara arba'in da shida a tsakar falon mutane, 'ya'yan Sarju suna leƙe ta labule.

"Le, share fuskarka, ana kallo," ta ce, sau ɗayan nan ta manta. "Ka yi abin yadda ake yi, ba ka ba ni kunya ba. Shekara biyu ke nan ina zubar da tsami a ƙasa, kana gani kana kau da kai. Har na fara cewa ba za ka taɓa iyawa ba. Wake ya yi tsada, bakin tsohuwa ma ci yake."

"To ki zo ki zauna kawai. Ba sai kin taɓa tukunya ba, ki huta."

"Ka ji ko," ta ce a hankali. "Yanzu ka faɗa da bakinka."

Tumiran ya sunkuyar da kai. Shayin ya huce a gabansa. Sarju, wanda tun ɗazu yake tsaye a bakin ƙofa yana sosa ƙeya, ya matso ya durƙusa. Ya ce dagacinsu yana rabon shinkafa mai rahusa duk wata ga waɗanda suka rasa aiki a birni, amma sai da takarda daga hannun mai gida. Ya ce da ma su shida ne a gidan, yanzu sun zama bakwai. Ya ce bai so ya dame shi ba, amma tunda Allah ya kawo shi.

Aka yago takarda daga littafin makaranta, aka miƙo biro. Tumiran ya ɗora ta a gwiwa. Da rubutunsa na ɗan aji huɗu ya rubuta sunansa, ya rubuta nata, ya zo kan kalmar ya tsaya, sannan ya rubuta ta gwamnatin. Sarju ya leƙa ya girgiza kai.

"Ayya, Pak, dagaci ya ce ban da wannan. Wai wanda aka gidantar ana iya mayar da shi. Shinkafar ta waɗanda aka kora ce gaba ɗaya."

Tumiran ya dubi Mbok. Tana gyara bakin zanenta, tana jira. Ya ja layi a kan kalmar, ya rubuta ɗayar a samanta, harafi bayan harafi.

"Karanta mini," in ji ta.

Ya karanta. "Ni Tumiran, mai awara a Kediri, na kori Ponirah daga aiki."

"Yawwa. Sa hannu da kyau, Pak, kada su ce ta jabu ce."

Ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata a ƙasa.